Kwat ɗin Amukowa a Kan Kujera

Shekara ashirin da biyu Amukowa ya yi yana akawu a wani ofishin filaye a yammacin Kenya. Ba wanda ya tsana kamar ma'aikacin da zai rataye kwat a kujera don a zaci yana kusa, alhali ya yi gaba abinsa. "Ku ake biya albashi ko kwat?" haka yake musu gatse.

Sai abokan aikinsa uku suka yi ritaya, ba a kawo kowa ba, aikin mutum huɗu ya dawo kansa. A hankali ya soma gudun kallon layin masu jira. Wata Talata ya rataye nasa kwat ɗin a kujera, ya shige ɗakin ajiyar fayiloli, ya zauna a ƙasa yana kallon bango har ƙarfe uku.

Da ya fito sai ya tarar da wata tsohuwa, Mama Khavere, wadda ta biyo motar asuba daga ƙauye saboda takardar gonarta. Kwat ɗinsa na kan cinyarta, tana tsinke jan zare da haƙori.

"Ɗana, maɓallinka na gani yana lilo, na ɗinke maka," ta ce. "An ce kana ciki kana fama da takardunmu. Ko shayi ka sha kuwa?"

Amukowa ya karɓi kwat ɗin da hannu biyu, ya kasa ɗaga ido. Har yau in zai sa kwat ɗin, yakan ɓalla sauran maɓallan, ya tsallake mai jan zaren nan.