Jan Ɗigo a Kwamfutar Verna

Arlen Tollefson bai taɓa sayen kwamfuta ba. Wadda ke kan teburin kicin ɗinsa ta matarsa ce, Verna, irin ƙaramar nan da ake naɗewa kamar littafi. Har matar ta rasu bai taɓa ɗora mata yatsa ba, sai in zai matsar da ita ya ajiye kofinsa.

Maƙwabcina ne tun muna samari. Gonarsa ta alkama tana iyaka da tawa, a nan jihar Dakota ta Arewa, kuma duk tsawon zamanmu ban taɓa ganin ya jefar da ƙarfe ba. Taraktar da ubansa ya bari har yau tana tashi. Ƙa'idarsa guda ce, ya gaje ta tare da taraktar: abin da ke aiki, kada ka taɓa shi. Ba ya yawan magana. In ya ce maka "to", hira ta ƙare.

Ɗansu ɗaya ne, Curtis. Da ya girma ya ƙi noma, ya bi abokai yamma wurin haƙar mai. Can ya sha giya wata rana ya hau mota ya yi haɗari, wata mata da 'yarta suka mutu a kan hanya. Aka yanke masa shekaru masu yawa a wani gidan yari na jihar da ke maƙwabtaka da mu, tafiyar yini guda. Arlen ya je kotu, ya zauna a baya. Da aka fito, a gaban mutane, ya ce wa Verna shi ba shi da ɗa. A wajenmu in mutum ya faɗi irin wannan a gaban mutane, daga ranar maganar ce ke riƙe da shi.

Gidan yarin yana barin a ga fursuna ta bidiyo. Fursunan ne ke ba da sunayen waɗanda ya yarda su gan shi, kowannensu kuma ya yi rajista a shafinsu da sunansa da kalmar sirrinsa. Curtis suna ɗaya ya bayar, na uwarsa.

Duk Lahadi bayan coci Verna takan zauna gaban kwamfutar, ta gyara gashinta, ta jira fuskar ɗanta ta fito. Arlen kuwa a daidai lokacin ne wuƙaƙen gida ke buƙatar wasawa. Sai ya jawo kujera gefe, inda idon kwamfutar ba ya kaiwa, ya ɗauko dutsen wasa wuƙa. Verna ta taɓa ce wa matata a duk jihar nan babu gidan da wuƙarsa ta kai tasu kaifi.

Bayan girbi, shekara biyu ke nan, zuciyar Verna ta tsaya tana cikin shanya. Limamin cocinmu ne ya buga wa gidan yarin aka sanar da Curtis. Ba a bar shi ya zo jana'iza ba.

Lahadin da ta biyo baya Arlen ya dawo daga coci, gida shiru. Ya ɗaga murfin kwamfutar, watakila don ya goge ta ne. Shafin yana nan yadda ta bar shi, sunanta a akwatin sama, kalmar sirrin a na ƙasa ta fito da kanta, ɗige-ɗige baƙaƙe. Ya danna. Curtis ya zo yana zaton zai tarar da allo babu kowa, sai ya ga ubansa.

Daga baya na tambayi Arlen abin da suka ce wa juna. Ya ce yaron ya gaya masa an yi ruwa a can, shi kuma ya ce a nan ba a yi ba.

Haka suka ci gaba. Ko masu gadin ba su lura ba ne, ko sun lura sun kau da kai, ban sani ba. Abin da na sani shi ne tsarin ya yi wa su biyun daidai. Lahadin ta Verna ce. Babu wanda ya gayyaci wani, babu wanda ya janye maganarsa. Suna hirar farashin alkama, da kare, da rufin rumbu da ke yoyo.

Ni tun da gwiwa ta hana ni gona nake zama a ɗakin karatu na gari ranar Laraba, ina taya tsofaffi irina in kwamfuta ta ƙi su. Ba wani sani gare ni ba, na dai riga su tsunduma ne. Shi ya sa da na shiga kicin ɗinsa wata rana shan kofi, idona ya kai ga kusurwar allon. Burauza, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, in masu ita sun yi mata gyara sai ta sa ɗan ɗigo a can sama. Da farko kore, in ka share shi ya koma ruwan lemo. Na Arlen ya yi ja.

Na ce masa, "Tsoho, abin nan kiranka yake yi. Danna shi kawai za ka yi, ta rufe kanta ta sake buɗewa."

"Ta rufe?"

"Na ɗan lokaci. Kafin ka zuba mini kofi na biyu ta dawo."

"Kofi na biyu a gidan wa? Sha wanda ke hannunka ka bar mini kayan matata."

Sai a hankali na gane abin da yake tsoro. Bai san kalmar sirrin ba. Verna ba ta rubuta ta a ko'ina ba, wayarta kuwa, inda za a iya aiko da sabuwa, tuni ya sa an yanke layin. Kuma yana tuna wata rana da Verna ta yi wa kwamfutar wata shara, komai ya goge, ta yini tana mita tana sake shigar da kalmomi ɗaya bayan ɗaya. A wurinsa shara da sabuntawa duk abu ɗaya ne. In shafin nan ya rufe, ɗige-ɗigen za su tafi, Lahadi kuma ta tafi tare da su.

Na yi masa bayani cewa ba haka ba ne, burauza tana riƙe abin da aka ba ta ajiya, na yi wa mutane da yawa ban ga ta zubar ba. Na ce in bai yarda ba ya bar ni in duba ko zan iya fito masa da kalmar ya rubuta a takarda. Ya jawo kwamfutar gabansa da hannu biyu.

"Za ka rantse mini ba abin da zai ɓace?"

Na ce rantsuwa a kan na'ura sai wanda ya ƙera ta.

"To," in ji shi.

Akwai wata hanya, kuma ya san ta: ya yi rajista da sunansa, Curtis ya amince. Da na kawo ta sai ya tashi ya leƙa taga, ya ce da alama ƙanƙara za ta sauka da wuri bana.

Ta sauka da wuri kuwa. A tsakiyar hunturu guguwa ta tsinke wayoyin wuta, muka kwana biyu babu lantarki. Da na samu hanya na je duba shi, na tarar da motarsa a kunne a bakin ƙofa, wayar caji ta fito ta tagar motar ta shiga ta tagar kicin. Gidan sanyi kamar rijiya, shi yana cikin riguna uku, ruwan kwanon kare ya daskare, amma kwamfutar Verna ba ta mutu ba. Jan ɗigon kuwa ya yanko filasta ya manna a kansa, don kada hannu ya kauce ya taɓa.

Filasta ba ta rufe gargaɗi na biyu ba. Shafin gidan yarin da kansa ya fara sa rubutu a sama, mai cewa nan gaba ba zai yi aiki da tsohuwar burauza ba. Arlen ya karanta. Ya ce mutanen birni ne, kullum sai sun tsorata ka. Ya ce an sha gaya masa taraktar ubansa ta gama yayi.

Wajen narkewar ƙanƙara ne Curtis ya yi masa maganar. Arlen da kansa ya maimaita mini ita, kuma bai saba maimaita maganar kowa ba.

"Baba, kullum da sunan Mama kake zuwa. Yaushe za ka zo da naka?"

Arlen ya ce ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne bana yana tunanin ya shuka sha'ir a gefen rafi. Yaron ya dube shi, ya ce sha'ir ba laifi. Lokacinsu ya ƙare, allon ya ɗauke.

Lahadi ta gaba ya zauna, ya danna, bidiyo bai fito ba. Farin shafi kawai, da layi ɗaya mai cewa a sabunta burauza. Ya sake dannawa. Ya zauna har lokacin ya wuce. A can gidan yarin kuma, a wani ɗaki mai kujerun ƙarfe, an fito da Curtis an zaunar da shi gaban allo, ya jira, aka mayar da shi. Shi bai ga farin shafi ba. Abin da ya sani shi ne ya yi tambaya, mako ya zagayo, ba a zo ba.

Arlen bai gaya mini ba sai da Lahadi ta zo ta wuce har sau nawa ban sani ba. Yana ta gwadawa, yana cewa matsalar daga wurinsu ce za su gyara. A coci na ga ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, na matsa masa sannan ya faɗa. Na ce ya rubuta wa yaron wasiƙa a ranar, layi biyu ya isa. Ya ce me zai rubuta. Na gane. Wasiƙa sai ka sa sunanka a ƙasa.

Wata ranar Talata da rana na ga motarsa tana tahowa a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Kwamfutar tana kujerar gaba a buɗe, ya ɗaure ta da bel. Ya shigo da ita ya ajiye kan teburina. Da kansa ya ɓare filastar.

"Danna," ya ce. "Ni hannuna ba zai iya ba."

Na danna. Allon ya rufe. Matata ta ajiye masa kofi da burodin kirfa, bai kalla ba. Ya kafa wa allon ido, yatsunsa suna murza filastar.

Ta dawo. Shafukan Verna duk suka jeru a sama yadda suke, na girki, na yanayi, na gidan yarin. Sunanta yana akwatinsa, ɗige-ɗigen suna nasu, ko ɗaya bai ɓace ba. Kofin gabansa ko hucewa bai yi ba.

Ya daɗe yana kallo.

Ya matso ya shiga da kansa. Shafin ya buɗe sumul, har ya fi da kyau. Inda sunan Curtis da hotonsa suke fitowa, yanzu babu komai, sai rubutu cewa babu fursunan da ya sa wannan mai ziyara a cikin mutanensa. Curtis ya cire sunan uwarsa. Haƙƙinsa ne, kuma ai gaskiya ce, matar ta rasu.

Arlen ya karanta sau biyu yana motsa leɓe. Ya tambaye ni ko wannan ma laifin burauzar ne. Na ce a'a.

Ya ɗauki kofin ya sha, ya ajiye. Sannan ya ce in nuna masa inda ake sabuwar rajista. Da yatsa ɗaya ya cike ta, yana neman kowane harafi. Da ya kai inda ake tambayar dangantaka da fursuna, akwai jerin da ake zaɓa: aboki, ɗan'uwa, lauya, wani daban. Hannunsa ya tsaya a sama. Matata ta tashi ta shiga ɗaki. Ya zaɓi uba.

Shafin ya ce an karɓa, ana jiran amincewar fursuna.

An shuka sha'ir, an girbe. Na gan shi sau biyu a gidan waya da ambulan a hannu, ban tambaye shi ba, shi ma bai faɗa ba. Duk Lahadi bayan coci yana zama gaban kwamfutar da rigar cocinsa, ya shiga da sunansa, ya karanta kalmomin nan, ana jira. Wuƙaƙen gidan sun dakushe, kwanan baya na ga yana yaga burodi da hannu.

Ɗigon kuwa yanzu ba ya kaiwa ruwan lemo. Da ya fito kore Arlen zai danna, ya zauna ya jira ta rufe ta buɗe. Wani lokaci yakan kira ni ya ce in zo in duba ko akwai wata sabuntawa da ta wuce shi, don ba ya so ranar da za a amsa a tarar ba a shirye yake ba. In na je na duba sai in ce masa komai daidai. A kusurwar allon har yanzu akwai danƙon filasta, ƙura ta manne masa, ya ƙi fita.