Dutsen Niƙa a Rijiyar Madu

Madu mai haƙar rijiya ne a wani ƙauye kusa da Bagwai, jikan Barebarin da suka daɗe a ƙasar Kano. Gajere ne, ga taurin kai, kuma zancensa ɗaya ne kullum. Yana saurayi igiya ta tsinke da shi, da kwandon jar ƙasa a kansa. Ya karye a ƙafa, ya warke da ɗingishi, amma ba karayar ce ta tsaya masa a rai ba.

"Wallahi ina cikin faɗuwa kwandon nan ya daina nauyi," in ji shi. "Ni ma na daina. Tare muke tafiya, ba mai danne wani. Sai da ƙasa ta tare mu nauyin ya dawo."

Matarsa Falta takan ce, "Malam, kanka ne dai ya bugu."

Masu wannan sana'a sukan fafe ɗan kogo a bangon rijiya, wurin fakewa idan ƙasa ta zubo daga sama. Madu ya faɗaɗa nasa, aka yi ta masa dariya.

Shekarar basasar Kano mahara suka auka wa ƙauyen da hantsi. Suka cinna wa rumbuna wuta, suka sassare duk namijin da ya tsaya. Kafin su iso, Madu ya zura Falta da 'yarsu Amsa cikin kogon, ya janye igiya.

A bakin rijiyar suka kama shi, suka ce ya faɗi inda matan suke. Ya ƙi. Suka fasa masa baki da gindin mashi, suka yanke masa kunne, bai ko kalli ramin ba. Babbansu, wani la'ananne, ya sa aka ɗaura masa dutsen niƙa a wuya, wai don ya fi saurin isa ƙasa. Suka hankaɗa shi.

Falta ta toshe bakin Amsa da tafin hannu. Ta ga mijinta ya wuce ta gabanta bakinsa a rufe, dutsen na gefen kafaɗarsa, igiyar da ke tsakaninsu ba ta ko miƙe ba. Sai ƙarar ruwa. Maharan suka leƙa, duhu kawai suka gani, suka tafi. Da la'asar waɗanda suka tsira suka fito da matan biyu.

Wannan wurin ne ke ƙona mini rai. Falta ta tsufa a Bagwai, ba ta taɓa iya ba da labarin ranar ba. In an matsa mata sai ta ce, "Gaskiya ya faɗa. Igiyar a sake take."