Mutumin da ke shigar mini kicin

Gidan abincina yana unguwar Mayo Gwoi, kuma ba yabon kai ba, sakwararmu ce ta ɗaga shi. Mai daka ta wata dattijuwa ce 'yar Mumuye, kowa Mama yake ce mata. Tun kafin a fere doya ta san wadda za ta yi danƙo. Duk ranar da Mama ta tafi, gidan ya tafi. Na san haka, ita ma ta sani.

Wata safiya ina wanke hannu a bayan kicin, zana ce kawai tsakanina da matan da ke mini aiki, sai na ji muryar Mama.

"Ni kam na gaji da shi. In ya shigo kicin ba mu da sakewa. Ba ya gaisuwa, sai ya buɗe tukunya yana neman laifi. Bayan Kirsimeti zan koma ƙauye."

Mai wanke-wanke ta ce, "Jiya ya sa ni kuka."

Kai! Jinina ya tafasa. Wane ɗan banza ne yake shigar mini kicin yana firgita mini mata? Na rantse sai na kama shi kafin ya raba ni da Mama.

Da mai kawo itace na fara, na wanke shi tas, na canza wani. Mai ruwa na ce ya riƙa ajiye jarka a ƙofa. Ƙanin mijina, bawan Allah, da ke zuwa cin ƙanzo, na hana shi taka wurin. Sannan na ɗauko kujera na dasa a tsakiyar kicin, daga safe har a tashi, ina gadi.

Ba a yi mako ba, na fita wanke hannu, na sake jin su ta bayan zana. "Yanzu ma ya tare a nan. Ba ya fita."

Wallahi tsigar jikina ta tashi. Ni da na wuni a zaune ban ga ko inuwar namiji ba! Na fara kallon lungun da muke tara gawayi. Na sayo turare a kasuwa na hayaƙa, na sa aka yi addu'a. In tukunya ta motsa a kan murhu sai gabana ya faɗi.

Kirsimeti ta wuce. Na tarar da Mama tana ɗaure taɓaryarta da ƙyalle, don tata ce, da ita ta zo. Na riƙe ɗaya bakin.

"Mama, don girman Allah, wane ne? Mutum ne ko aljani? Nuna mini shi in kore shi yau ɗin nan."

Ta dube ni. Babu fushi a idonta, tausayi ne, kuma shi ya fi yi mini ciwo.

"Hajiya," ta ce, "ai kai ne."

Ni ce fa nake tsokanar su kullum a kan Hausarsu. Mace ta haihu su ce ya haihu, in yi ta dariya ina gyara musu. Na san haka sarai. Amma da aka siffanta mai buɗe tukunya ba sallama, sai na zaga gari ina neman wani. Laifi tudu ne, in ji masu magana, ni kuwa kujera na kai na zauna a kan nawa.

Na ba ta haƙuri. Ta ce ba komai, ta yi mini addu'a, ta saɓa taɓaryarta ta tafi. Sakwararmu ba ta sake zama yadda take ba, masu ci ma sun faɗa.

Yanzu nakan tsaya a ƙofar kicin in yi sallama, in tambayi kowa gida da yara, in riƙe hannuna kada ya kai ga murfin tukunya. Wani lokaci hirar takan ci gaba, ranar sai in wuni da farin ciki. Amma jiya ina isowa na ji sabuwar mai daka ta rage murya ta ce, "Ku yi shiru, ya zo."

Sai da na waiwaya bayana. Ba kowa.