Kawunan Doya a Cikin Toka

Jiya ina fere doya, na sare kanta zan jefa a shara, sai hannuna ya tsaya. Kakarmu na tuno, uwar Babanmu, da tsohon gidanmu na Lafiya mai mangwaro a tsakar gida.

Babanmu, bari in gaya muku, mutum ne mai tsari. Ranar da aka haƙe doya yake ware ta iri, ya jera a rumfa, ya lulluɓe da ciyawa, kowace da kunyar da ke jiranta a gonarsa ta wajen Shabu. Ko kusa da rumfar nan ba ma wasa. Ita kuwa Kaka, abin da gari ya waye da shi, da shi take aiki.

Wata shekara, ranar ruwan farko, Baba yana gona, sai wata mota a-kori-kura ta mutu a ƙofar gidanmu. Matan ƙauye ne a ciki da goyonsu, sun dawo daga biki, sun jiƙe sharkaf. Ba mu san ko ɗaya ba, Hausar ma da ƙyar suke haɗawa. Kaka ta shigo da su, ta leƙa tukunya ba komai, sai ta nufi rumfa. Innarmu ta bi ta tana roƙo, wai in aka ci iri me za mu ci baɗi? Kaka ta ce ita dai a ɗauko turmi.

Har yau ina jin ƙamshin sakwarar nan da miyar agushi, da hayaƙin ɗanyen itace, da zannuwa a shanye ko'ina.

Da yamma Baba ya dawo ya ga rumfa ta rage rabi. Ba dama ya yi wa uwarsa faɗa. Ya tsuguna gabanta, ya ce a hankali, "Iya, rabin gonata zai kwana ba iri."

Kaka ta jawo ƙwarya daga ƙarƙashin gado, cike da kawunan doya. Ashe kowace doya sai da ta sare kanta da kauri kafin a fere, ta shafe da toka.

"Ɗan nan, tun ba a haife ka ba nake shuka kan doya. Je ka binne su."

Sun tsiro. Doyar ba ta yi girma ba, amma ta kai mu wata shekarar.

Yanzu gonar ta zama gidaje, doya a kasuwa nake saye, kowa ya garƙame get ɗinsa, ko mota ta mutu a ƙofa ba mai leƙowa. Kan nan na jiya dai ban jefar ba. Yana bayan ɗaki cikin toka, muna jiran ruwa.