Yadda Na Koyi Washe Baki

A shekarata ta farko a jami'a babu wanda ya san da zamana. In hau jirgin ƙasa daga Mount Hope, unguwarmu a nan ƙasar Turawa, in zauna a bayan aji, in dawo gida, ko gaisuwa ba ta haɗa ni da kowa ba. Shi ya sa da wata Baturiya mai usur a wuya ta tare ni a ɗakin motsa jiki, ta ƙare wa kafaɗuna kallo kamar mai tayin rago, ta ce ƙungiyarta na neman maza, ban ko tsaya tambayar wace irin ƙungiya ce ba.

Ashe masu zuga 'yan ƙwallon kwando ne. Maza da mata a haɗe, a tsaya gefen fili ana ihu da tsalle, mazan suna cilla 'yan matan sama suna cafewa. Bambaɗanci ne dai, aka ɗinka masa riga mai ƙyalli aka ce wasa ne. Na yi niyyar sulalewa, amma da aka tashi sai suka ja ni cin fiza, gurasar nan tasu mai cuku, har wani ya tambaye ni yadda ake faɗin sunana daidai. Da wannan kaɗai suka saye ni.

Ɗagawar ba ta ba ni wahala ba, don yarinyar da aka haɗa ni da ita ba ta fi buhun shinkafa ba. Fuskata ce matsalar. A gidanmu namiji ba ya dariya babu dalili, in ka yi sai Inna ta tambaye ka abin da ka sha. Ni kuma in ina aiki haɗe rai nake yi. Sai yarinyar ta kai ƙara wai duk sanda ta leƙo ƙasa ta ga fuskata gabanta faɗuwa yake yi. Ban taɓa sakin ta ba, amma ba hannun da ke riƙe da ita take dubawa ba. Akwai wani ɗan Bature da ke tiƙa tasa abokiyar da ƙasa kusan kullum, yana dariya kamar an yi masa albishir, shi ko sau ɗaya ba a kai ƙararsa ba.

Mai usur, wadda ita ce mai horar da mu, ta ja ni gefe da muryar nan tasu mai laushi da ake yanka mutum da ita. Ta ce suna ji da ni, ta ce ba laifina ba ne, amma mutum mai girman jikina da irin kamannina dole ya taimaki jama'a su saki jiki da shi. In ban gyara ba kafin wasan farko, za ta ba wani gurbina. Na gane kamannin da take nufi sarai, baƙar fatata ce. Raina ya ɓaci ƙwarai, sai dai tsoron komawa bayan aji ya fi ɓacin ran ƙarfi.

Haka na dukufa. A gaban madubin banɗaki nake atisaye har kumatuna su yi tsami. Na gwada a cikin jirgi, wata tsohuwa ta ɗauki jakarta ta sake kujera. 'Yan matan suka koya mini dabararsu: a shafa basilin a haƙora, leɓe ba zai yarda ya rufu ba. Basilin ɗin da Inna ke shafa wa faso, shi na riƙa lakatowa ina cusawa a baki, ni da aka tura neman ilimi.

Ranar wasan farko na washe baki tun daga ƙofa har aka tashi. Mai usur ta rungume ni, gurbina ya tabbata. Har hotona aka buga a jaridar makaranta, yarinyar na tsaye a tafin hannuna, ni kuma haƙora a waje.

Da ɗoki na ɗauki jaridar na nufi bakin titin Canal Street, inda Baba ke sayar da jakunkuna da tabarau. Ba kasafai nake zuwa ba. Na same shi da wata mata tana birkita masa kaya, tana yi masa magana kamar da kurma, shi kuwa sai murmushi yake zubawa, irin wanda ban taɓa gani a gida ba. Ta tafi ba ta sayi komai ba. Tana juya baya fuskarsa ta koma tasa.

Na miƙa masa jaridar ina jiran faɗa a kan yarinyar. Ko kallon ta bai yi ba, ni ya daɗe yana kallo.

“Wa ya koya maka wannan?”

Na ce a makaranta ne, wadda shi yake kira lakwal.

“Ni dole ce ta sa ni,” ya ce. “Kai kuwa na sa ka lakwal ne don kada ka koye shi.”

Sai ga wasu 'yan yawon buɗe ido sun tsaya suna taɓa tabarau. Muka juya gare su tare, ni da shi, kowa baki a washe.