Bazarar da Ruwa Ya Dafa Ciyawar Tafki

Shekarar da muka daina zuwa gonarmu ta bakin daji, saboda ba mai shiga can da tabbacin zai dawo, tafkin bayan ƙauyenmu a ƙasar Safana muka mayar rumbu. Ni da yayana muka kora 'yan awakin da suka rage zuwa kasuwar Batsari, muka sayo 'ya'yan kifi, karfasa da tarwaɗa, muka zuba. Gidan kuwa cike yake: Inna, matanmu da yara, ga ƙanwarmu da ta dawo da marayunta.

A ƙasan tafkin akwai wata ciyawa mai siraran ganye, kore shar, sai bado daga gefe. Da hantsi in na tsuguna a bakin ruwa, nakan ga 'yan kumfa kamar ƙwayar gero suna ɓallewa daga ganyenta suna hawa sama. Tun ina sakandare na san su. Ganye kan sha hasken rana ya haɗa abincinsa, ya saki iska, kifi kuma da ita yake numfashi. Lokacin sanyi kumfar ba yawa. Da gari ya fara ɗumi sai ta ƙaru, ciyawar ta miƙe, kifi ya yi ɓul-ɓul. Yaya ya ce, "In haka ta ɗore, kafin damina za mu ga hatsi a gidan nan."

Sai bazara ta kankama. Ruwan da ke kai mini ƙirji ya koma gwiwa. Da azahar in ka sa ƙafa, kamar ruwan wankan jego. Ciyawar ta fara rawaya, ta yi yauƙi, in ka taɓa ta sai ta narke a hannu. Na tsuguna har wuyana ya sage, ban ga kumfa ko ɗaya ba.

"Ga rana kamar ta kashe mutum," in ji Yaya, "ba kai ka ce ita ce abincinta ba?"

"Ita ce, Yaya. Amma ruwan ya yi mata zafi. Dahuwa take yi."

"To me za mu yi?"

Washegari da muka fito daga sallar asuba muka tarar da karfasa sun taru a saman ruwa, bakuna a buɗe, suna haki.

Muka kafa dirkoki a cikin taɓo muka yi rumfa. Zanar da ke kewaye da gidanmu muka kwance muka rufa mata, har matanmu suka koma girki a fili, kowa na wucewa yana kallo. Inna ta ba da tabarmarta. Ƙarƙashin rumfar ruwan ya ɗan huce, na fara sa rai. Amma ciyawar da ke wurin ta rasa haske, ita ma ta yi baƙi ta ruɓe, tafkin ya fara wari. In na yaye rumfa zafi ya kashe ta, in na bari duhu ya kashe ta. Na yaye, na mayar, na sake yayewa, kamar mai taɓin hankali.

Daga nan muka koma rijiya. Yaya na jan guga, ni ina ɗauka a kai ina juyewa cikin tafki, tafin hannunsa har ya fashe. Ruwan rijiyar ya fara fitowa da laka. Mai unguwa ya zo ya tsaya, ya gaishe mu a natse, sannan ya ce, "'Ya'yana, na san halin da kuke ciki. Amma ruwan nan mutane ke sha." Yaya ya saki igiyar, ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Ban taɓa ganinsa haka ba, ko ranar da muka binne mahaifinmu.

Karfasa suka mutu, fararen cikkunansu suka rufe ruwan. Muka kwashe da kwanduna. Mata suka kyafe waɗanda ba su kumbura ba, sauran muka haƙa rami muka rufe. Tarwaɗa ce kawai ta tsira, ta nutse cikin taɓo, ita ma ba ta kai ta ciyar da gida ba. Ƙanwarmu ta shiga tonon saiwar bado tana dafa wa yara.

Yaya ya ce in ruwan farko ya sauka zai koma gonar daji ya yi shuka, komai zai faru ya faru. Inna ta riƙe gefen rigarsa. "Na yarda mu kwana da yunwa," ta ce, "ban yarda in jira gawarka ba."

Yaya bai je ba. Ranar kasuwa na raka shi tasha a Batsari, ya shiga motar Katsina neman aikin lebura. Ya leƙo ta taga ya ce in mayar da zanar gida kafin iskar damina ta taso. Na dawo na ciro ta daga taɓo, rabinta ya ruɓe. Da abin da ya rage na rufe ɓangaren mata, sauran gidan ya kwana a buɗe har kaka.