Hannun Rigar da Yaya Ba Ta Ƙarasa Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata sha ɗaya ga watan nan, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran yayar mijina, wadda ni ma nake kira Yaya tun ranar da na shigo gidansu. Hawan jini ne ya kayar da ita a gaban keken ɗinkinta, kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa. Ban iya dogon rubutu ba, amma idan na yi shiru ban kyauta miki ba, Yaya.

Mutane sun san ki da faɗa, kuma ba ƙarya suka yi ba. Ni ma na sha. Amma tun da ƙanenki ya yi haɗarin mota ya kwanta, na koma wankau don mu ci abinci, babu makon da ba ki tako gidanmu ba. Ki shigo kina mitar an bar tsakar gida kaca-kaca, ki fita kin bar ledar cefane a bayan ƙofa ba ki ce komai ba. Da ƙaramarmu ta yi zazzaɓi, ke kika goya ta zuwa asibiti, ni ina biye da ke ina kuka kamar ni ce yarinyar.

Ke kika jiyo ana neman ma'aikata a sashen wanki na wani asibiti, aiki mai albashi duk wata. Ke kika kai sunana. Da aka ce in zo intabiyu ranar Alhamis, na ce miki ba zan iya ba. Ban taɓa zama gaban teburin kowa an yi mini tambayoyi ba, kuma ba ni da tufafin shiga ofis. Kika ce, "To zauna nan, aikin zai biyo ki har gindin baho."

Ranar Asabar kika zo kika fitar da ni. Ƙafarki na ciwo, amma haka muka bi shaguna, kina taɓa yadi kina taɓe baki. A wani ɗan shago mai madubi ɗaya da labulen gwaji na hango wata doguwar riga mai duwatsu a wuya, hannunta har ya rufe yatsu. Hannun ne ya ja ni, ba duwatsun ba. Wanki ya cinye mini hannuwa, sun yi kaushi, sun tsattsage, farce duk ya mutu. Ko a gidan mutane a cikin mayafi nake ɓoye su.

Na fito daga bayan labule, mai shago yana ta cewa, "Hajiya, wannan kamar don ita aka ɗinka." Kika dube shi kika ce, "Ɗana, neman aiki za ta, ba rawa ba." Sannan kika jawo wata shuɗiya mai duhu, marar ado ko ɗaya. Da na sa, ba ki bar ni na tsaya gaban madubi ba. Kika karɓi kujerar mai shago kika ce in zauna, wai a zaune za su gan ni, don haka a zaune ake gwada ta. Kika sa na tashi, na sunkuya, na ɗaga hannu sama kamar mai shanya. Mai shago yana dariya, ni ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ita ma hannunta dogo ne, na yi murna a raina. Ashe kin lura. Kika kama hannun rigar kika naɗe shi zuwa wuyan hannuna, kika ce za ki rage shi. Na ce, "Yaya, don Allah ki bar shi haka." Kika riƙe tafin hannuna kika juya shi, kika ce, "Waɗannan za su duba. Da su kike ciyar da ƙanena da 'ya'yansa. Ki ɗora su kan tebur kowa ya gani." Na yi fushi a ranar, a mota ma ban yi miki magana ba. Kika tafi da rigar gidanki, kika ce in zo in karɓa ranar Laraba.

Ranar Laraba na je gidanki, amma zaman makoki na je. Intabiyu ya fita daga raina gaba ɗaya. Da yamma babbar 'yarki ta ja ni ɗakinki, ta miƙo mini rigar, ta ce a kan keke aka same ta. Na buɗe. Kin yanke hannun dama kin kalmashe shi, ɗinki sumul kamar yadda kika saba. Na hagu yana nan da tsawonsa, sai layin da kika ja da guntun sabulu inda za ki yanke. A nan kika tsaya.

Na kai ta gida na shimfiɗa a kan gado, na rasa abin yi. Na gaya wa ƙanenki ba za ni ba, yaya za a yi gawarki ko kwana biyu ba ta yi a ƙasa ba in tafi neman aiki? Mutane ma me za su ce? Ya daɗe yana kallon rigar daga inda yake kwance, sannan ya ce, "Kin san halinta. Da za ta iya tashi, da ita za ta raka ki har bakin ƙofa tana yi miki faɗa." Muka yi kuka tare.

Ina da tsohuwar rigata mai dogon hannu, na ɗauko ta, na mayar. Na ɗauki almakashi na bi layin sabulunki. Ɗinkina da allura ya fito a karkace.

Ranar Alhamis na je. Mutum uku ne a bayan tebur, cikinsu har da wata dattijuwa, shugabar sashen wanki. Rabin tambayoyin ban san me na amsa ba. Hannuwana suna ta neman komawa cikin mayafi, na tuna da ke, na fitar da su na ɗora kan tebur. Dattijuwar ta dube su, ta tambaye ni tun yaushe nake wanki da yadda nake fitar da jini daga farin zane. Wannan kam na san amsarsa.

Jiya suka kira, sun ce in fara aiki farkon wata. Na ajiye wayar na rasa wanda zan fara gaya wa, domin mai labarin ba ta nan. Har yanzu ina tambayar kaina ko yawon da na sa ki da ciwon ƙafa da zaman keken ne suka ƙara miki ciwo. 'Yarki ta ce in daina, kwana ne ya ƙare. Na sani, amma zuciyata ba ta kwanta ba tukuna. Rigar tana rataye, hannu ɗaya ɗinkinki, ɗaya nawa. Wata maƙwabciya ta ce ta kai wa tela ya daidaita su, na ce a bar ta haka.

Allah ya jiƙanki, Yaya, ya yafe miki kurakuranki, ya haskaka kabarinki. Yadda kika suturta ni, Allah ya suturta ki da rahamarsa, ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanki da jikokinki, da ƙanenki wanda ciwo ya hana shi raka ki makwancinki, da dukkan dangi. Allah ya ba mu haƙurin rashinki, idan tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.